Agogon naka ne, lissafin ranka kuwa na haya

A watan Satumban 2022 kamfanin Apple ya fito da agogon hannu mai suna Apple Watch Ultra a kan dala 799, ya ce ana iya nutsewa da shi har zurfin mita 40. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka saki manhajar Oceanic+, wadda kamfanin Huish Outdoors na Amurka ya haɗa tare da Apple. Ita ce ke mayar da agogon kwamfutar nutso, wato na'urar da masu shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya ke ɗaurawa a hannu, ta gaya musu lokacin da za su taso da kuma yadda za su taso. Sai dai da sharaɗi. Agogon ka biya kuɗinsa ya zama naka, amma lissafin da ke tsare ranka a cikin ruwa ba a sayar maka ba, haya aka ba ka: dala 4.99 a rana, ko 9.99 a wata, ko 79.99 a shekara, bisa farashin da aka sanar lokacin fitowar manhajar. Wannan sharaɗin ne ban yarda da shi ba, kuma ina ganin ya kamata a ƙi shi tun bai zama al'ada ba.

Na san abin da za a fara ce mini. Ina ruwan Basakkwace da nutso a teku, alhali tsakaninmu da Legas tafiyar wajen kilomita 1,000 ce? Ruwanmu kuwa yana nan. Agogon dai ya riga ya iso garin nan, yana hannun samari da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Mutanenmu suna zuwa Jidda, suna zuwa Masar da Zanzibar, kuma a duk wuraren nan akwai masu ɗaukar baƙo su kai shi kallon ƙasan teku. Abin da ya fi wannan nauyi, muna da kogin Rima, muna da madatsar Goronyo da ta Shagari da ta Lugu, kuma ruwan nan yana cin mutane kusan duk damina. Ranar da hukuma za ta zauna sayo kayan ceto na cikin ruwa, ire-iren wannan na'ura za a ajiye mata a kan tebur. Gara a san abin da ake saye.

Sai an fahimci aikin kwamfutar nutso sannan za a ga inda gizo ke saƙa. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. A doron ƙasa shiga take ta fita, ba ta cutar da kowa. A ƙarƙashin ruwa labarin ya sha bamban. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke rayuwa a cikinta a waje, ta yadda a mita 30 ya riga ya ninka na waje sau 4. Wannan matsi shi ke tura naitirojin ta narke a cikin jini da tsoka da kitse. In ka taso a hankali, huhu zai fitar da ita kaɗan-kaɗan. In ka daɗe fiye da kima ko ka taso da gaggawa, sai ta zama kumfa a cikin jiki. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi mai tsanani, sai ƙafa ta ɗauke, sai shanyewar jiki, wani ma ba ya kai labari.

'Yan Najeriya da yawa sun ji labarin Harrison Okene, kukun jirgin nan mai suna Jascon-4 da ya kife a tekun kudancin ƙasar nan a watan Mayun 2013. Ya yi wajen awa 60 a cikin jirgin, a zurfin mita 30, yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a wani lungu. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su janyo shi sama kai tsaye ba, don da sun yi haka da sun kashe shi da hannunsu. A cikin wata rufaffiyar na'ura suka ɗago shi, aka wuce da shi ɗakin rage matsi, ya ƙara fiye da kwana biyu a ciki kafin ya shaƙi iskar Allah ta waje. Mutumin da ruwa bai ci ba, tasowa ce ta kusa zame masa ajali. To wannan haɗarin ne kwamfutar nutso ke lissafawa, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Lissafin ba sabo ba ne. Tun 1908 likitan nan ɗan Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin farko na yadda mai nutso zai riƙa tsayawa a hanyarsa ta tasowa. A 1983 Albert Bühlmann, likita a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya wallafa tsarin lissafinsa a fili, kuma a kansa aka gina yawancin kwamfutocin nutso na yau, har da Oceanic+. A jadawalin ƙungiyar PADI, wadda ta fi kowace horar da masu nutso na nishaɗi a duniya, mutum na da minti 56 a zurfin mita 18, minti 20 a mita 30, minti 9 kacal a mita 40. Kwamfuta ta fi jadawalin takarda ne saboda tana bin ainihin hawa da saukarka, tana kuma riƙe da lissafin naitirojin da ta rage a jikinka daga nutson safe in za ka koma da rana. Ita ke tuna maka ka tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka fito. Ita ke gaya maka kada ka hau jirgin sama sai bayan awa kaza, abin da ya shafi duk wanda ya yi nutso a Jidda yana da tikitin dawowa washegari.

A Bahar Maliya na koyi nutso, lokacin da nake karatu a Masar, kuma na ɗaura irin agogon nan na shiga ruwa da shi. Don haka ba zan zalunce shi ba. Yana aiki. Fuskarsa tana da haske, lambobin manya ne, ko a inda hasken rana ya fara dushewa kana karanta su ba tare da ka kanne ido ba. In ka fara tasowa da sauri sai ya girgiza maka wuyan hannu, ka ji shi ta cikin rigar nutso, abin da ya fi ƙarar tsofaffin na'urori da takan ɓace a cikin hayaniyar kumfar numfashinka. Ga wanda ya riga ya mallaki agogon, kuma sau ɗaya a shekara yake ganin teku, biyan dala 5 na yini guda ba asara ba ce. Na yarda da wannan. Na kuma yarda cewa waɗanda suka rubuta manhajar ma'aikata ne, dole a biya su gumin goshinsu.

Amma a biya su ta wace hanya? Nan muka raba gari. In ba ka biya ba, manhajar za ta nuna maka zurfi da lokaci, ta rufe lissafin naitirojin, wato ainihin abin da ya sa ake kiranta kwamfutar nutso. Ma'aunin zurfin yana cikin agogon da ka saya. Ƙwaƙwalwar da za ta yi lissafin tana cikin agogon da ka saya. Tsarin lissafin kansa an wallafa shi fiye da shekara 40 da suka wuce. Abin da ya rage kawai izini ne, kuma izinin yana ƙarewa da ƙarewar wata. Kamar ka sayi babur ne don kabu-kabu, ka biya lakadan, sannan a ce maka birkin na haya ne, duk wata sai ka sabunta. Ko da birkin ya fi kowane birki kyau a Sakkwato, babu uban da zai yarda ɗansa ya hau. Kayan nishaɗi a yi hayarsu, ban damu ba. Wanda bai biya kuɗin tashar kallon ƙwallo ba, wasa kawai ya wuce shi. Kayan tsare rai kuwa a sayar da su gaba ɗaya, a faɗi kuɗinsu sau ɗaya, mai iyawa ya biya, su zauna a hannunsa suna aiki ko da aljihunsa ya bushe daga baya.

Ba kuma wai babu wata hanyar ba ce. Kamfanin Garmin yana da agogunan zamani na jerin Descent da ke yin wannan aiki, wasunsu ma sun fi na Apple tsada, amma lissafin nutson yana cikin kuɗin saye. Ga kuma kwamfutocin nutso na asali, irin su Suunto Zoop Novo da Cressi Leonardo, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na agogon Apple ba. Ba su da kyan gani, ba sa karɓar kira, ba sa ƙirga takun ƙafarka. Aiki ɗaya suka sani, da ɗan batir mai kamar kwabo da ke daɗewa, in ya ƙare a canza.

Mu yi lissafin da kuɗinmu. A 2025 dala tana wajen naira 1,500. Agogon kaɗai ya tasam ma naira miliyan 1.2 ke nan, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. Hayar shekara guda kusan naira 120,000 ce, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. In ka riƙe shi shekara 5 kana sabuntawa, hayar kaɗai ta kai dala 400, kuɗin da zai saya maka kwamfutar nutso sukutum har da canji. Agogon kuma ba ya tashi sai da iPhone. Bai kuma nuna maka iskar da ta rage a tukunyarka, dole ka riƙe ma'auninta daban. Apple da kansa yana gargaɗin a riƙe wata na'urar ta biyu, a kuma shiga ruwa da abokin tafiya. Wanda ya ce maka agogon ya ɗauke maka sayen kayan nutso bai gama lissafi ba.

Akwai kuma abin da mai zama a Kalifoniya, inda kamfanin Apple yake, ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Haya ga kamfanin waje ake biyanta, ta intanet, da katin banki. A 2022 bankunan ƙasar nan da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a waje, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana danna waya katinsa na ƙin wucewa ya san wannan takaici. Yanzu a ɗauka a bakin ruwa ne, jirgi na shirin tashi. Haka batun caji. Awa 36 Apple ya yi wa Ultra na farko alkawari a amfani na yau da kullum, nutso kuwa ya fi haka cin batir. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba a sauya kwamfuta a tsakiyar jerin nutso, domin sabuwar ba ta san abin da ke jikinka ba. In taka ta mutu ko ta rufe, ƙa'ida ita ce ka haƙura da ruwa aƙalla kwana guda. Abin da nake tsoro shi ne saurayin da ya kashe kuɗin jirgi da na masauki, ya ga abokansa na sa kaya, ya ce a ransa ai zurfi da lokaci ma sun isa.

Wani haɗarin ya ma fi wannan kusa da mu. Kasuwar waya ta cika da jabun Ultra, kamanninsu ɗaya da na gaske har ɗan maɓallin nan mai launin lemo na gefe. Na tsaya a wani shago ina juya ɗaya a hannu, na tambayi yaron shagon ko ana shiga ruwa da shi. Ya ce, "Alhaji, wanga ma shina shiga, duk ɗaya na. Ni da kaina nike alwala da shi, bai taɓa komi ba." Ba ƙarya yake nufin yi mini ba, iyakar saninsa ke nan. A wurinsa abin da ya jure ruwan buta ya jure ruwa. Amma jabun ba shi da ma'aunin zurfi ko kaɗan, kwali ne kawai da fuska. Na gasken ma in na hannu ne, an taɓa buɗe shi an canza gilashi ko batir a teburin mai gyara, to rufin da ke hana ruwa shiga ba abin dogaro ba ne kuma. Apple ya faɗa da bakinsa cewa juriyar ruwa ba ta dindindin ba ce, tana raguwa da tsufa. Mu kuwa rabin kayan da ke hannunmu na hannu ne.

Duk wannan maganar masu hali ce, na sani. Abin da ya fi ci mini rai yana can bakin kogi.

A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayun 2023, a Shagarin dai, wani ya kife da yara da suka fita neman itace, 15 suka tafi. A watan Agustan 2025 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce a ranar ana neman fiye da 40. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. A duk waɗannan, wa ya fara faɗawa ruwa? Sarkawa ne da masuntan ƙauyukan da ke kusa, da gajeren wando, da numfashin da Allah ya ba su. Wanda ya taɓa ganinsu a bakin aiki ba zai manta ba. Ruwan Rima a damina ja ne wur da laka, in ka nutsa hannunka ba ka ganin yatsunka. Da tafin hannu da tafin ƙafa suke laluben ƙasa, su taso su ja numfashi a jikin gora ko gefen jirgi, su koma. Mata na tsaye a gaɓa suna kallon inda kan mutum zai ɓullo. Gwanintar nan gadonsu ce, ita ce ake zuwa kallo a wasannin kabanci na bikin kamun kifin Argungu, a maƙwabciyarmu Kabi. Mun iya tafa musu ranar biki. Ranar musiba kuwa mu bar su su shiga da ƙirjinsu kawai.

Waɗannan bayin Allah ba agogon dala 799 ne zai taimake su ba. Mai nutso da numfashinsa a ruwa marar zurfi ba ya tara naitirojin irin ta mai tukunya. Abin da ke kashe shi daban ne: sumewa in ya matsa wa kansa, sarƙewa a cikin koma ko saiwar itace, igiyar ruwa mai ƙarfi, gajiya. Fuskar agogo komai haskenta ba ta karantuwa a cikin laka. Abin da suke buƙata igiyar tsaro ce da mutum a sama yana riƙe da ita, da wuƙar yanke raga, da jirgi mai inji da zai kai su wurin da wuri, da horo kan yadda ake farfaɗo da wanda aka ciro, da alawus da ba sai sun yi roƙo ba. Kafin duk wannan kuma, rigar ceto a jikin kowane fasinja, kamar yadda dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta tanada, da hana lodin da ya wuce kima ranar kasuwa. Wanda ke sanye da rigar ceto ba a nemansa a ƙasan ruwa.

Ina da yaƙinin jihar nan tana buƙatar ƙaramar tawagar masu nutso da tukunyar iska, a ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ko ta kashe gobara, kuma daga cikin 'ya'yan Sarkawa ya kamata a ɗebo su, tunda ruwan ya riga ya san su. Madatsar Goronyo tsayinta mita 21 ne. Wanda zai yini yana sauka yana tasowa a irin wannan zurfi da tukunya, lallai yana buƙatar kwamfutar nutso, kuma buƙatarsa ta fi ta ɗan yawon buɗe ido, domin ɗakunan rage matsi can kudu suke, inda ake aikin mai a teku. In kumfa ta kama mutum a Goronyo, tafiyar da ke gabansa ba ƙarama ba ce. A nan ne nake jin tsoron ƙyale-ƙyale. Mun san yadda sayen kayan gwamnati yake: abin da ya fi sheƙi da tsada shi ya fi saurin shiga takarda, kuɗin kula da shi kuwa ba a sa shi a kasafin shekara mai zuwa. Agogo 6 na mutum 6 dala 4,794 ne, fiye da naira miliyan 7, ban da wayoyi. Shekara na zagayowa haya ta ƙare, jami'in da ya yi rajista da katinsa an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya tuna lambar sirri. Ran da jirgi ya kife, a buɗe akwati a tarar da agoguna shida masu nuna lokaci. Ba sai an yi duba ba, mun ga injinan asibiti da na ban-ruwa da suka mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Saboda haka ga wanda ya riga ya sayi agogon kuma zai je teku hutu, ya fara zuwa a koya masa nutso a wurin masu lasisi, ya biya hayar tun yana masauki inda intanet ke da ƙarfi, ya buɗe manhajar ya tabbatar lissafin na aiki, ya cika caji, sannan ya karɓi kwamfutar haya ta wurin masu jirgin ya ɗaura a ɗaya hannun. Wanda bai saya ba kuma nutso ne dalilinsa, ya sayi kwamfutar nutso ta asali, ragowar kuɗin ya ƙara horo da su. Hukuma kuwa, duk ranar da za ta rubuta takardar sayen kayan tawagar ceto, ta sa sharuɗɗa uku a fili: na'urar ta yi aiki ba tare da intanet ba, kada ta buƙaci biyan wata ko na shekara, kuma batirinta ya zama wanda za a iya canzawa a nan Sakkwato. Kuɗin da aka rage a sayi rigunan ceto a kai mashigar Goronyo da ta Shagari kafin ruwa ya cika a watan Agusta.